Yadda Ake Shirya Fim Kan Matashin Da Gidansu Ya Rikice, Da Ɗan Kuɗi Kaɗan

Akwai wani irin fim da ba ya neman gidan bene, ba ya neman motar alfarma, babu rawa babu waƙa a cikinsa. Yaro ne ko yarinya, shekara 14 zuwa 16, a gidan da zaman lafiya ya ƙaurace masa, kyamara tana biye da shi daga asuba har dare. Masu shirya fim da aljihunsu, waɗanda ba su da babban kamfani a bayansu, sun daɗe suna yin irinsa a Ingila da Faransa da Beljiyam, maƙwabtanmu na Chadi ma sun yi. Ba ya cin kuɗi sosai. Gaskiya yake ci, domin duk wanda ya tashi a irin wannan gida yana ganin ƙarya guda zai gane ta. Matakan da ke ƙasa duk wuri ɗaya suka dosa: ka tsaya a gefen yaron daga farko har ƙarshe, a labari da kuma a wajen ɗauka.

Mataki na farko: saurara kafin ka ɗauki biro

Kada ka fara rubutu daga abin da ka gani a wasu finafinan. Je ka zauna inda yaran suke yini: garejin kanikawa, wajen wankin mota, shagon cajin waya, bakin tasha. Yi hira da malaman sakandare, su suka fi kowa sanin yaron da ya daina zuwa da abincin tara, ko wanda yake barci a aji kullum. In ka samu dama, ka zauna a bencin baya a kotun da ake sauraren ƙarar saki da ciyarwa. Can za ka ji mace ta ce, "Ranka ya daɗe, tun ƙaramar salla bai aiko da ko ƙwandala ba," ka ji mijin ya amsa, ka ga yaran a tsaye a bakin ƙofa suna jin komai.

Sharuɗɗa biyu ne a nan. Kada ka naɗi muryar kowa ba da saninsa ba, kuma kada ka kwashe labarin gida guda sukutum ka mayar da shi fim. A unguwa kowa ya san kowa, ko ka canza suna za a gane, kai kuma ka tona asirin mutanen da suka amince maka. Ɗauki hali daga nan, magana daga can, ka gina gidanka na kanka.

Za ka ci karo da maganar shaye-shaye, ba makawa. Tun Mayun 2018 gwamnatin Najeriya ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin, amma yaran ba su rasa abin sha ba. Ka rubuta shi a matsayin abin da ya biyo baya. Fim ɗinka yana cikin abin da ya kori yaron daga tsakar gida har ya kai bayan makaranta da kwalba a aljihu.

Mataki na biyu: yaro ɗaya, buƙata ɗaya, kwanaki kaɗan

Mu ɗauki misali da za mu bi har ƙarshe. Agola ne ɗan shekara 15. Uwarsa ta yi aure na uku, ta taho da shi. Mijin ɗan a-daidaita-sahu ne, yana da uwargida da 'ya'ya. Yaron yana kwana a soro, kusa da inda ake jingine keke.

Yanzu ka ba shi abin da yake nema, kuma ya zama ƙarami, abin da ake iya ƙirgawa. Kuɗin motar zuwa garin da aka ce ubansa yana can, misali. "Yana neman kulawa" ba buƙata ba ce da kyamara za ta iya ɗauka, amma tana iya ɗaukar yaro yana ƙirga canji a cikin gwangwanin madara. Sai ka matse lokacin: kwana goma kafin babbar salla ya isa. Kowa a gidan yana cikin matsin kuɗi, kowa a wuya yake.

Dubi yadda Mahamat-Saleh Haroun na Chadi ya yi a fim ɗinsa Abouna na 2002. Yara biyu a Njamena, babban ɗan shekara 15, suka wayi gari ubansu ya tafi. Neman sa kawai suke yi, fim ɗin kuma bai zaunar da kowa ya yi dogon bayanin dalilin tafiyar ba. Abin da yaran ba su sani ba, mai kallo ma bai sani ba. Ka riƙe wannan doka: duk fitowar da yaron ba ya ciki, ko ba ya jiyowa daga bayan labule, ka yi tunanin cire ta.

Mataki na uku: kada ka rubuta mugu

Nan ne yawancin masu rubutu suke faɗuwa, shi ya sa zan daɗe a kai. Mun saba da muguwar matar uba mai harara da murguɗa baki, da azzalumin miji mai tsawa tun fitowar farko. Da zarar ka rubuta su haka, ka sauƙaƙa wa mai kallo, zai ce ai mu gidanmu ba haka muke ba, ya ci gaba da cin gyaɗarsa. Gidajen da suke lalata yara, mutanen kirki ne suka fi yawa a cikinsu, gajiya da talauci da tsoro suka cinye su.

Ɗauki takarda, ka rubuta wa kowane babba yininsa guda cikakke, ko da ba zai shiga fim ba. Mijin uwar yana fita bayan asuba, dole ya haɗa wa mai keken kuɗinsa na yini kafin ya fara neman na cefane, ranar da taya ta fashe kuwa da bashi zai kwana. In ya dawo ya tarar da ƙaton yaron da ba nasa ba yana cin tuwo, abin da ke ransa ba ƙiyayya ba ce zalla, lissafi ne. Uwar tana tsoron aurenta ya mutu karo na uku, ta san gidan iyayenta babu ɗakin da za ta koma. Duk lokacin da ta yi shiru ana zagin ɗanta, aurenta take karewa, kuma ta san yaron yana kallon shirun. Uwargidan ma tana da nata: kwanon da ake raba wa bakwai yanzu tara ake raba wa.

Al'adarmu ta ba ka kayan aiki da marubucin wata ƙasa ba shi da su. In yaron ɗan fari ne, uwar ba ta ma kiran sunansa, "kai" take cewa, ko "wannan yaron". Ba ta nuna masa so a gaban mutane, alkunya ta hana. To ina son zai fito? Rubuta fitowa kamar haka. Dare ne, an miƙo masa kwanonsa a soro, tuwo ya huce, miyar kuka ta yi fata a sama. Ya sa hannu, sai yatsunsa suka taɓa wani abu a ƙarƙashin malmalar. Tsokar nama ce guda, an tura ta can ƙasa yadda mai miƙo kwanon ba zai gani ba. Ya dubi ƙofar cikin gida. Ba kowa. Ya ci tuwon duka, naman ya bar shi ƙarshe. Babu kalma ko ɗaya a wannan fitowa, kuma ta fi shafi uku na kuka da "ɗana ka yafe mini".

Haka ma yadda yake kiran mijin uwarsa. Sauran yaran "Baba" suke cewa, shi "Malam" yake cewa, ko ya kauce wa kiran gaba ɗaya. Ranar da ya ce "Baba" don yana son roƙon kuɗi, kowa zai ji nauyin abin.

Maganganu su zama gajeru, kuma kada wani ya gaya wa wani abin da dukansu suka sani. Babu uwar da ke ce wa ɗanta, "Kamar yadda ka sani, mahaifinka ya sake ni shekara bakwai da suka wuce." Rigimar gida a kan ƙaramin abu take tashi. Maigida ya shigo ya ce, "Wa ya taɓa min caja?" Tsakar gida ta yi tsit, idanu suka koma soro. Karanta kowace magana da ƙarfi, wadda bakinka ya ji ta kamar huɗuba ka soke ta.

Shafi ɗaya na rubutun fim yana ba da kusan minti ɗaya a allo, don haka shafi 80 zuwa 90 ya ishe ka.

Mataki na huɗu: ƙarshen labari

Za a matsa maka ka kawo malam ko mai unguwa a minti biyar na ƙarshe ya tara kowa, ya yi nasiha, a tuba, a yafi juna. Ka ƙi. Yaran da ka zauna da su a gareji ba a yi musu wannan zaman ba, in ka saka shi ka ci amanarsu. Masu cewa fim dole ya koyar da darasi suna da gaskiya, amma uban da ya kalli fim ɗin ya kasa barci saboda ya tuna wanda ke kwana a soronsa ya ɗauki darasin da ya fi na baki.

Wani ramin kuma yana ɗaya gefen. Kada ka jibga wa yaron kowace masifa, a kore shi, a kama shi, uwar ta mutu, ya haukace. Mai kallo zai daina ji. Masifa ɗaya da ta biyo daga halin mutanen ta isa, kuma ka bar masa abu guda mai daɗi: ƙanwarsa 'yar uwargida da take ɓoye masa ƙosai, ko tantabarun da yake kiwo a saman katanga. A misalinmu, ya tara kuɗin, ya hau mota, ya isa garin, aka ce ai mutumin ya tashi tun bara. Tsaya da shi a tasha, ka rufe fim ɗin kafin ya yanke shawarar komawa ko wucewa.

Mataki na biyar: takardu da kasafi

In a Kano za ka yi aiki, Hukumar Tace Finafinai ta jihar, wadda aka kafa a 2001, tana da ƙa'idojinta kan rajista da sutura da cuɗanyar maza da mata. Je ofishinsu tun kafin ka kashe ko naira, ka karɓi ƙa'idojin da ke aiki a lokacin, ka daidaita rubutunka. Irin wannan fim ba ya rasa komai saboda haka, abin da ya fi ciwo a cikinsa dama a bayan labule yake faruwa. Akwai kuma hukumar tace finafinai ta ƙasa, mai sanya wa fim shekarun masu kallo. Gaida mai unguwa da ofishin 'yan sandan yankin kafin ranar farko.

A kasafi, fara da abinci da sufuri da ladan ma'aikata, sannan sauti, sannan kyamara. Ka ware kashi ɗaya cikin goma don abin da ba ka zata ba, kuma kuɗin editin ka ajiye shi daban kada ka taɓa. Finafinai da yawa a kan kwamfuta suke mutuwa saboda an cinye komai a lokeshan. Wurare huɗu ko biyar sun wadatar: gidan, lungun, garejin, makaranta, tasha.

Mataki na shida: neman yaron, da kare shi

Fitaccen jarumi ɗan shekara talatin ba zai zama ɗan 15 ba ko an aske masa gemu. Nemi sabuwar fuska. Yarinyar da ta ja fim ɗin Fish Tank na Andrea Arnold, Katie Jarvis, ba ta taɓa yin fim ba. A tashar jirgin ƙasa ta Tilbury a Ingila aka hange ta tana cacar baki da saurayinta, fim ɗin kuma ya ci kyautar alƙalai a bikin finafinai na Cannes da ke Faransa a 2009. Kai ma ka zaga ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na makarantu da filayen ƙwallon unguwa. A wajen tantancewa kada ka ba su takarda su haddace. Ce wa yaro, "Ka zo karɓar kuɗin aikinka, maigidan ya ce sai gobe, karo na uku ke nan," ka ga abin da zai yi. Wanda ya fara ihu nan take ka gode masa. Wanda ya tsaya yana kallon ƙasa, muƙamuƙinsa yana motsi, shi za ka sake kira.

Abin da ya biyo baya ya fi fim ɗin kansa muhimmanci a wurina. Kada ka ɗauki yaron da a yanzu haka yake cikin irin wannan halin a gidansu don kawai hawayensa zai zo da sauƙi. Za ka fama masa ciwo sati uku, ka tattara kayanka ka tafi. Zauna da iyaye ko mariƙan wanda ka zaɓa, ka ba su labarin duka, har wuraren da ba su da daɗi, su sa hannu a yarjejeniya. Wani babba daga gidansu ya kasance a wajen ɗauka kullum, in yarinya ce mace ta raka ta. Tsara aikin lokacin hutun makaranta, kada ya kai dare sosai. Kwalbar da zai sha a fim zoɓo ne a ciki. Mari kuwa da kusurwar kyamara ake yin sa, ko a bar shi a bayan ƙofa a ji ƙararsa kawai, wanda sau da yawa ya fi tayar da hankali. Kada ka tsorata yaro da gaske, ko ka yi masa ƙaryar wani ya mutu, don ka sami fuskar da kake so.

Ka kuma gaya musu tun yanzu cewa bayan fim ya fita, 'yan unguwa za su riƙa kiransa da sunan fim, wasu ma su ɗauka halinsa ne. Gara su yanke shawara da saninsu.

Mataki na bakwai: gida da kaya

Karɓi hayar gida na gaske a cikin lungu, kada ka yi masa fenti, kada ka kwashe igiyar shanya. Kayan sawa daga gwanjo, kowace riga biyu iri ɗaya, 'yan wasan su yi ta sa su kafin a fara. Uwar da ke surfe ba ta da jan baki da gashin ido.

Mataki na takwas: ɗauka

In hali ya yi, ɗauki fitowa bi da bi yadda labarin ya tafi. Arnold haka ta yi a Fish Tank, ba ta ma ba 'yan wasanta rubutun gaba ɗaya ba, kaɗan-kaɗan take miƙa musu. Ga wanda bai saba ba wannan taimako ne babba, yana shiga halin a hankali, kuma tunda wurarenka kaɗan ne ba zai ƙara maka kuɗi sosai ba. Sai dai abin da aka ɓoye ya tsaya a kan juyin labari, iyayen yaron su sun riga sun san komai.

Ajiye kyamara daidai tsayin idon yaron. In yana zaune a tabarma, mai ɗaukar hoto ma ya sauka, manya su riƙa shigowa hoton daga ƙugu zuwa ƙasa, murya daga sama. 'Yan uwa biyu masu shirya fim na Beljiyam, Dardenne, sun ci babbar kyautar Cannes a 1999 da Rosetta, inda kyamarar hannu take manne da ƙeyar yarinyar duk inda ta nufa. Salo ne mai arha kuma yana aiki a lungunanmu, amma a riƙe ta da natsuwa, girgiza da gangan jiri kawai take sa mutane.

Hasken waje ka neme shi da sassafe ko bayan la'asar, rana tsaka tana ƙone fuska ta bar ramin duhu a ido. Da dare yi amfani da abin da gidan yake da shi, fitila mai caji da tocilan waya, ka ƙara ɗan haske daga gefen da fitilar take. Duhu ba laifi ba ne muddin ana ganin idanu.

Sauti shi ne inda ƙananan finafinanmu suka fi jin kunya. Mutum zai jure hoto mai ɗan dishi-dishi, amma ba zai jure minti goma yana "me ya ce?" ba. Ɗauki mai sauti na musamman da makirfo a kan sanda da ƙananan na maƙalawa a riga, hedifon a kunnensa koyaushe, ka kuma ba shi ikon tsayar da ɗauka. Kafin ka biya hayar gidan, je ka yini a ciki ka ji ko akwai injin markaɗe a maƙwabta, ko makarantar allo, ko mai walda. Janaretonka ya yi nisa, a ja doguwar waya. A kowane ɗaki, bayan an gama, kowa ya yi shiru minti ɗaya a naɗi shirun wurin, mai editin zai sa maka albarka. Ka kuma fita daban ka naɗo ƙarar daka, da kukan awaki, da rediyon maƙwabta, da kiran salla daga nesa. Su ne kiɗan fim ɗinka.

In magana ta ƙare a fitowa, kada ka yi saurin cewa a yanke. Ƙirga goma a ranka. Abin da fuskar yaron take yi bayan ya ɗauka an gama, shi za ka fi amfani da shi.

Mataki na tara: editin

Kowane dare a kwafe abin da aka ɗauka a diraif biyu, wato ma'ajiyar bayanan kwamfuta, su kwana a gida biyu. Haɗin farko zai yi tsawo, haka yake ga kowa. Ajiye shi sati biyu, ka dawo ka cire duk fitowar da ke maimaita abin da mai kallo ya riga ya gane, ko da ita ka fi so. Shiga kowace fitowa a makare, ka fita da wuri. Kiɗan tausayi da ake sakawa duk lokacin da wani ya sunkuyar da kai, bar shi. Gwada fitowar naman nan da kiɗa, ka gwada ta da ƙarar cokali da muryoyin cikin gida kawai, za ka ji bambancin da kanka.

Nuna wa mutum biyar da ba 'yan fim ba, a cikinsu a sami uwa da malamin makaranta da matashi. Kada ka tambaye su ko ya yi kyau, kara za su yi maka. Tambaye su wa suka fi jin haushi. In duk suka nuna mutum ɗaya, ka rubuta mugu ba ka sani ba, koma ka nemo fitowar da za ta ba shi uzuri. Fassarar da za a rubuta a ƙasan allo, ta Turanci da ta Faransanci, ba wa wanda ya iya harsunan da gaske, ka biya shi.

Mataki na goma: fitarwa

Yaron da iyayensa su fara gani, a ɗaki, kafin kowa. Sannan hukumomin tacewa. Kada ka yi gaggawar ɗora shi a YouTube, domin manyan bukukuwan fim da dama ba sa karɓar abin da ya riga ya bazu a intanet. Akwai FESPACO a Wagadugu, wanda aka fara a 1969 kuma ake yi duk bayan shekara biyu, akwai AFRIFF a Legas, akwai bikin Zuma na Hukumar Finafinai ta Najeriya a Abuja, yawancin bukukuwa kuma ta shafin FilmFreeway ake tura musu. Don aikinka na gaba, asusun Hubert Bals na bikin Rotterdam da asusun finafinan duniya na bikin Berlin suna tallafa wa masu shirya fim daga Afirka, kuma za su so ganin abin da ka taɓa yi.

Bayan bukukuwa, kai shi makarantu da ɗakunan taro na unguwanni da majigi da lasifika mai kyau. Gayyaci iyaye maza musamman, su ne ba sa zuwa in ba a aika musu ba. Nemi wani ma'aikacin jin daɗin jama'a ko malami mai haƙuri ya zauna a gaba bayan an kunna fitila, saboda za a sami yaro ko uwa da za su tsaya a baya suna jiran mutane su ragu, kuma kai ba ka da horon amsa abin da za su faɗa. Sai an gama wannan zagayen ka ɗora shi a intanet, da shekarun masu kallo a rubuce a farkonsa.